Jinin Lafiya Lau, Jijiyar Ce Ke Yoyo: Fashin Baƙi Kan Ciwon Haɓo Na Gado

Akwai mutumin da zai shafe shekara ashirin yana haɓo kusan kullum. Ba faɗuwa ya yi ba, ba naushinsa aka yi ba. Yana wanke fuska, ko ya sunkuya ɗaura takalmi, ko ma yana tsakiyar barci, sai kawai ya ji ɗumi na bin leɓensa. In ya je asibiti aka ɗebi jininsa aka auna saurin daskarewarsa, sakamako ya fito lafiya lau. A ƙirga ƙwayoyin da ke toshe rauni, su ma sun cika cif. Abu ɗaya takardar ke nunawa, jininsa ya yi ƙasa. Sai a rubuta masa maganin ƙarin jini a sallame shi. In ka tambaye shi zai ce maka ai haka mahaifiyarsa take, haka kawunsa yake, haɓo a gidansu gado ne. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai san nauyin abin da ya faɗa ba.

Likitoci na kiran wannan ciwo da haruffa uku, HHT, wasu kuma su kira shi da sunayen mutum uku da suka fara bayaninsa: Rendu na Faransa a 1896, Osler a Amurka a 1901, da Weber na Landan a 1907. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi, mutum ɗaya cikin 5,000 na ɗauke da shi, maza da mata daidai wa daida. Wato ya fi hemofiliya, ciwon gado da ke hana jini daskarewa, yawa, amma kowa ya taɓa jin sunan hemofiliya, shi kuwa ko cikin ma'aikatan lafiya da yawa ba su taɓa cin karo da sunansa ba.

Don a gane inda matsalar take, sai an san abin da ke tsayar da jini idan an ji rauni. Abubuwa uku ne. Akwai bangon jijiyar kanta, wanda ke tsukewa. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyin jini masu danƙo da ke rugowa su manne a bakin raunin. Sannan akwai jerin sinadaran furotin da ke cikin ruwan jini, wannan ya tayar da wancan, har su saƙa zaren da zai ɗaure toshiyar ta yi ƙarfi. Mai hemofiliya sinadari na 8 ko na 9 ne ya gaza a jikinsa. Mai ciwon von Willebrand, wanda wani likitan Finland ya bayyana a 1926, abin da ke manne ƙwayoyin a bango ne bai isa ba. Duk waɗannan cututtukan jini ne, kuma gwajin jini na iya tona su. Mai HHT kuwa jininsa ba shi da laifi ko kaɗan. Bututun ne ya fito da aibi tun daga ƙira. Shi ya sa Rendu ya dage cewa abin da ya gani a jikin majinyacinsa ba hemofiliya ba ce, ko da yake ya yi kama da ita.

A jiki mai lafiya, jinin da ya fito daga zuciya da ƙarfi ba ya afkawa kai tsaye cikin jijiyar da za ta mayar da shi. Sai ya bi ta wasu siraran jijiyoyi da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, inda jajayen ƙwayoyin jini ke wucewa ɗaya bayan ɗaya. A nan ƙarfin tunkuɗar ke karyewa. A jikin mai HHT, nan da can ana samun wuraren da babu waɗannan siraran. Jijiyar da ta taho da ƙarfi sai ta haɗe baki da baki da mai komawa, wadda ba a gina ta don ɗaukar wannan matsi ba. Sai ta buɗe, ta kumbura, bangonta ya yi shara-shara. Idan ƙarama ce, ita ce jan ɗigon da ake gani a leɓe, harshe, kan yatsu da cikin hanci, wanda in ka danna ya dushe, ka saki ya dawo. Idan babba ce, tana iya zama a huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa ba tare da mai ita ya sani ba.

Asalin abin yana cikin ƙwayoyin gado. A 1994 aka gano na farko, ENG, a 1996 aka gano ACVRL1, kuma su biyun nan su ne sanadin mafi yawan masu ciwon. A 2004 aka ƙara da SMAD4, wanda ke shafar mutane kaɗan amma yana haɗowa da tsiro a hanji mai iya rikiɗewa ya zama sankara. Dukansu suna aiki ne a layi ɗaya, layin da ke gaya wa sabuwar jijiya cewa ta isa haka nan, ta tsaya ta yi ƙwari. Kwafi ɗaya mai aibi daga uwa ko uba ya isa, saboda haka kowane ɗa da mai ciwon ya haifa yana da rabi da rabi na gadonsa. Akwai tambayar da ta daɗe tana damun masu bincike: tunda kowace ƙwayar halitta a jikin mutumin na ɗauke da aibin, me ya sa ɗigon ke fitowa a nan bai fito a can ba? A 2019 masu bincike a jami'ar Duke suka yanko irin waɗannan ɗigo suka duba, suka tarar a daidai wurin kwafin na biyu, wanda aka gada lafiyayye, shi ma ya lalace daga baya. Ashe sai an yi bugu biyu kafin jijiya ta ɓaci.

Ma'aunin da ake gane ciwon da shi an buga shi ne a 2000, kuma yana ɗauke da sunan tsibirin Curaçao da ke yankin Karebiyan, inda ciwon ke da yawa fiye da kusan ko'ina, wajen mutum ɗaya cikin 1,300. Alamomi huɗu ne: haɓo mai maimaituwa ba dalili, jajayen ɗigo a wuraren da aka ambata, irin wannan haɗewar jijiyoyi a gaɓoɓin ciki, da samun uwa, uba, ɗa ko ɗan'uwan haihuwa mai ciwon. Wanda ya cika uku, ya tabbata. Mai biyu, ana zargi. Ma'auni ne mai sauƙi, amma duk da haka wani bincike a Italiya ya tarar ana ɗaukar kimanin shekara 25 tsakanin fara haɓo da gano sunan ciwon. Dalili ɗaya shi ne alamomin ba sa zuwa tare. Haɓo kan fara wajen shekara 12, ɗigon fata kuwa sai an girma, zubar jini a hanji galibi sai bayan shekara 50. Wani dalilin kuma, a ganina, yana cikin hotunan littattafan koyarwa, waɗanda kusan duk na farar fata ne. A baƙar fata jan ɗigo ba ya ƙyalli haka. Sai an juya leɓe an duba ciki, an ce majinyaci ya fito da harshe.

Inda zubar jini ke haɗuwa da daskarewarsa

Wanda ya ji an ce ciwon zubar jini ne zai ɗauka daskarewar jini ita ce abu na ƙarshe da zai dami mai shi. Nan ne binciken shekarun nan ya juya tunanin likitoci.

Huhu ba numfashi kaɗai yake yi ba, rariya ce. Duk jinin da ya zagaya jiki ya dawo sai ya bi ta siraran jijiyoyin huhu kafin zuciya ta sake tura shi zuwa ƙwaƙwalwa. Ɗan gudan jini da ya ɓalle daga ƙafa, ko ƙwayar cuta da ta shiga jini lokacin cire haƙori, a nan ake tare su. Kusan rabin masu HHT kuwa suna da huji a wannan rariyar. Abin da ya kamata a tare sai ya bi ta ɓarauniyar hanya ya zarce ƙwaƙwalwa. In gudan jini ne, shanyewar ɓarin jiki. In ƙwayar cuta ce, ƙurji mai mugunya a cikin ƙwaƙwalwa. Matashi ɗan shekara talatin da ba shi da hawan jini ba shi da siga yana iya faɗuwa haka kawai, kuma sai a lokacin wani zai tuna ya tambayi labarin haɓo.

Gwajin da ake tantance wannan da shi yana burge ni saboda sauƙinsa. Ana ɗaukar sirinji biyu a haɗa bakinsu, a zuba ruwan gishiri da ɗan iska kaɗan, a riƙa tura shi daga wannan zuwa wancan har ya yi fari da ƙananan kumfa. Sai a tura shi a jijiyar hannu, likita na kallon zuciya a allon na'urar sauti. Nan take ɓangaren dama na zuciya zai cika da farin kumfa kamar hazo. In huhu lafiya yake, ɓangaren hagu zai tsaya baƙi ƙirin, don huhu ya tace kumfar. In akwai ɓarauniyar hanya, bayan bugun zuciya uku zuwa sama sai ka ga kumfar ta fara ɓullowa a hagu. Daga nan sai hoton ƙirji don a ga wurin. Maganinsa ma ba tiyata ba ce yawanci. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa huhu, a cusa ƴan murɗaɗɗun wayoyi ko marfi a toshe hanyar. Masu irin wannan huji ana ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin aikin haƙori, ana kiyaye shigar iska idan za a ɗaura musu ruwa, ana kuma hana su nutso mai zurfi da tukunyar iska. Mace mai ciwon ya fi kyau a duba huhunta kafin ta ɗauki ciki, don yawan jinin da juna biyu ke kawowa na iya faɗaɗa jijiyar har ta fashe.

Sai maganar sinadarin ƙarfe, wato ayon. A kowace mililita ta jini akwai kimanin rabin miligiram na ayon. Hanjin mutum a al'ada yana tsotsar miligiram ɗaya zuwa biyu ne a yini. To yi lissafi da kanka: wanda ke zubar da cokalin shayi biyu na jini kullum, abin da ko ƙyalle ɗaya bai gama jiƙewa ba, yana asarar miligiram biyar. Hanji na ƙara himma idan jiki ya rasa, amma ba ya cike irin wannan giɓi shekara da shekaru. Daga nan gajiya, haki, bugun zuciya. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a zata ba shi ne abin da ayarin Claire Shovlin a Landan suka buga a 2012, bayan sun bi masu HHT sama da 600: waɗanda ayon ɗinsu ya yi ƙasa, sinadari na 8 a jininsu ya yi sama, kuma su ne suka fi samun gudan jini a ƙafa da huhu. Sinadarin da rashinsa ke jawo hemofiliya, shi ne yawansa ke daskarar da jinin waɗannan. Bayan shekara biyu suka sake nuna cewa a cikin masu huji a huhu, ƙarancin ayon na tafiya tare da ƙaruwar shanyewar ɓarin jiki. Wato zubar jinin da kanta ce ke shirya wa daskarewa hanya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A lura dai, waɗannan bincike ne na bibiya, sun nuna abubuwa biyu na tafiya tare, kuma hakan ya isa ya sa a daina ɗaukar ƙarancin ayon a matsayin ƙaramin abu.

Wahalar auna haɓo

Gwada magani a kan hawan jini abu ne mai sauƙi, akwai lamba a jikin na'ura. Haɓo fa? Wannan makon sau goma, na gaba sau biyu. Bushewar iska na ƙara shi, damshi na rage shi. Majinyaci kan shiga gwaji ne lokacin da abin ya fi tsananta, saboda haka ko ba a ba shi komai ba akwai yiwuwar wata mai zuwa ya fi sauƙi. Kuma shi ne zai rubuta a littafi: ƙarfe nawa ya fara, minti nawa ya ɗauka, ɗiga yake ko tsartuwa. A 2010 aka fito da ma'aunin tsananin haɓo daga 0 zuwa 10, mai tambayoyi shida, daga baya aka ƙayyade cewa sai maki ya sauka da 0.71 kafin majinyaci ya ji bambanci a rayuwarsa.

Shekarar 2016 ta koya wa kowa darasi. Kafin ita, rahotanni sun cika mujallu cewa fesa wannan ko wancan magani a hanci na rage haɓo, likitoci na ta rubutawa. Sai aka yi gwaji na ƙa'ida a Arewacin Amurka da mutum 121, aka raba su kashi huɗu ta hanyar ƙuri'a. Kashi uku aka ba su magunguna uku daban-daban na fesawa, kashi na huɗu ruwan gishiri zalla, kuma babu wanda ya san abin da ke cikin kwalbarsa, har likitan. Bayan mako 12 duk kashi huɗun sun samu sauƙi, amma babu maganin da ya fi ruwan gishiri. A Faransa ma an yi irinsa da ɗaya daga cikin magungunan, aka dakatar da shi don ba alamar amfani. Wasu sun kira wannan faɗuwa. Ni ina ganinsa ɗaya daga cikin gwaje-gwaje mafi amfani a tarihin ciwon: ya kare majinyata daga kashe dukiya a kan feshin banza, ya kuma nuna alamar cewa jiƙa cikin hanci sau biyu a rana shi kansa na iya taimakawa. Ƙa'idojin duniya na kula da ciwon da aka sabunta a 2020 da shi suka fara, kafin a je ga ƙwayar tranexamic, wadda ke hana gudan jini saurin narkewa, wadda kuma gwaji biyu a Faransa da Jamus suka nuna tana ragewa daidai gwargwado a 2014.

Magunguna masu ƙarfi kuwa daga ɗakin masu sankara aka aro su. Ƙarin sankara na buƙatar sabbin jijiyoyi don ya girma, saboda haka aka ƙera magungunan da ke hana jijiya tsiro barkatai. Likitoci suka lura cewa mai HHT da aka ba irin wannan magani don sankara, haɓonsa ya lafa. Bevacizumab, wanda ake ɗaurawa ta jijiya, an gwada shi a birnin Lyon na Faransa a kan mutum 25 da jijiyoyin hantarsu suka wahalar da zuciyarsu, aka buga sakamako mai kyau a 2012. A 2021 aka tattara bayanan mutum 238 daga cibiyoyi 12, aka ga jininsu ya ƙaru sosai, buƙatar ƙarin jini ta ragu ƙwarai. Lambobi ne masu faranta rai, amma waiwaye aka yi cikin fayil-fayil, babu rukunin da za a kwatanta da shi, kuma wanda ya tuna 2016 dole ya yi taka-tsantsan. Yana kuma iya tayar da hawan jini ya taɓa ƙoda.

Labarin thalidomide ya fi ban mamaki. Shi ne maganin da aka janye daga kasuwa a 1961 bayan an haifi jarirai kimanin 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu saboda iyayensu mata sun sha shi da ciki. Tasirinsa a kan jijiyoyi masu tasowa na cikin abin da ake dangantawa da wannan bala'i, kuma wannan tasirin ne ya dawo da shi. A 2010 aka nuna yana sa ƙwayoyin da ke naɗe jijiya daga waje su rungume ta da kyau, bangon ya yi kauri. Matsalarsa yana lalata jijiyoyin ji na hannu da ƙafa. Sai hankali ya koma kan ƙaninsa, pomalidomide.

Gwajinsa shi ne mafi nauyi da aka yi zuwa lokacin. Cibiyoyi 11 a Amurka, ƙarƙashin Keith McCrae na Cleveland da Hanny Al-Samkari na Boston, mutum 144 masu haɓo matsakaici zuwa mai tsanani. Ƙuri'a ta ba 95 maganin, miligiram 4 kullum na mako 24, ta ba 49 ƙwayar wofi, wadda babu magani a cikinta. An tsayar da ɗaukar sabbin mutane kafin a kai adadin da aka tsara, don duban tsakiyar hanya ya nuna maganin na aiki. Sakamakon da aka buga a watan Satumba 2024 ya nuna makin masu shan maganin ya sauka da 0.94 fiye da na masu ƙwayar wofi. Lambar ba ta da girma a ido, amma ta haye 0.71, kuma wannan karon an cire abin da sa rai da sauyin yanayi ke ƙarawa. Kuɗin da jiki ya biya: raguwar fararen ƙwayoyin jini, taurin bayan gida, ƙuraje. Har zuwa lokacin da aka buga wannan sakamako babu magani ko ɗaya da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi musamman don HHT, alhali hemofiliya ta kai ga maganin gyaran ƙwayar gado tun 2022. Mako 24 kuma ɗan lokaci ne ga ciwon da ake rayuwa da shi har ƙarshe, kuma maganin haramun ne ga mai ciki ko mai shirin ɗauka, a ciwon da rabin masu shi mata ne.

Tsaka mai wuyar da likita ke shiga kullum ita ce ranar da mai HHT ya zo da gudan jini a ƙafa, ko zuciyarsa ta rikice da bugu, abin da ke yawan faruwa ga waɗanda hanta da ƙarancin jini suka gajiyar da zuciyarsu. Ka ba shi maganin tsinka jini, hanci ya ɓalle. Ka hana shi, gudan ya tafi huhu ko ƙwaƙwalwa. Gaba kura, baya sayaki. Da can yawancin likitoci hanawa suke yi, don sunan ciwon kaɗai ya isa ya tsorata su. Ƙa'idojin 2020 sun ce a'a: idan akwai dalili ƙwaƙƙwara a bayar, a sa ido, a ƙara ƙaimi wajen kula da hancin da cike ayon, ta jijiya in ƙwaya ba ta wadatar ba. Sun fifita tsofaffin magunguna irin su heparin da warfarin a kan sababbin da ake haɗiya, saboda an fi sanin halinsu a jikin masu wannan ciwo, sun kuma ce a guji haɗa magungunan hana ƙwayoyin jini mannewa guda biyu in da hali. Wanda zuciyarsa ke rikicewa kuma jikinsa ya kasa jure ko ɗaya daga ciki, akwai ɗan aljihu a ɓangaren hagu na zuciya inda gudan jini ya fi taruwa, ana iya zura bututu a rufe bakinsa da marfi.